Muƙamuƙin Mama a cikin kwali

Abin ya fara ne kamar ciwon haƙori. Mahaifiyata mace ce da ba ta son asibiti, don haka ta yi ta fama da kanumfari da ruwan gishiri har gefen fuskarta na hagu ya tasa. Da ƙyar ni da yayana muka lallaɓa ta muka kai ta. Aka sa ta a na'urar ɗaukar hoton ƙashi, likitan tiyata ya ce ƙari ne ke cin muƙamuƙinta na ƙasa, sai an yanke wurin an sa ƙarfe. Mama ta ce ba mai yanka mata fuska tana raye. Muka komo gida unguwar Dilimi a Jos.

Ni ban daina zuwa wurin likitan ba. Wata rana ya miƙo mini faifan hoton, ya ce in kai wani kamfani wajen Gada Biyu su buga masa ƙashin, don ya lanƙwasa ƙarfen a kai tun kafin aiki, idan Allah ya sa ta yarda. Ni a zatona takarda za su buga.

Wurin bai yi kama da komai na asibiti ba. Shago ne dogo, yana warin roba mai zafi, janareto na ruri a baya. A kan kanta ga ƙananan giyoyin inji da murafu, da wasu sassan injin tatsar madara da aka ce na wata gona ce a Vom. Aikinsu ke nan: idan masana'anta na son gwada sabon abu, ko wani sashe na inji ya karye babu shi a kasuwa, sai su yi musu 'yan kaɗan. Mai wurin injiniya ce, 'yar Ibo haifaffiyar Jos. Ta karɓi faifan, ta ce in dawo jibi.

Da na dawo, aikin bai ƙare ba.

"Anti, zo ka gani, ya kusa gamawa," in ji ta, da Hausarta da ba ta bambanta mace da namiji.

Ta kai ni gaban wani akwatin gilashi. A ciki wani ɗan bakin ƙarfe yana kai da komowa, yana zubo farar roba siririya kamar zare, layi kan layi. Na sunkuya ina kallo da sha'awa. Abin ya lanƙwashe kamar ƙahon saniya. Can sai na lura da saman, inda bakin ƙarfen ke aiki. Haƙora ne ke tasowa. A cikinsu akwai na gaba guda ɗaya da ya karkace ya hau kan ɗan'uwansa. Haƙorin nan tun ina goye nake ganinsa duk lokacin da Mama ta yi dariya.

Ban san na yi salati da ƙarfi ba sai da na ga ma'aikatan sun juyo.

"Wannan ai bakin uwata ne! Tana gida da ranta, na baro ta tana tsintar shinkafa!"

Injiniyar ta turo mini kujera da sauri. "Roba ne kawai, Anti. Yi haƙuri, da na sani ban nuna maka ba. Sha ruwa."

Da injin ya tsaya, ta ciro shi, ta kankare tarkacen jikinsa, ta ɗora mini a tafin hannu. Da ɗuminsa. Gefen dama sumul yake. Na hagu kuwa ya kumbura, ya huje kamar icen da gara ta ci. Likita ya sha nuna mini inuwar nan a hoto ina gyaɗa kai, ashe ban taɓa ganewa ba.

Ta naɗe shi a auduga ta sa a kwali. A keke napep na rungume shi a cinya, duk ramin da muka faɗa sai in ƙara ƙanƙame shi. Niyyata in ɓoye shi a ɗakina har in kai wa likita, amma ina shiga tsakar gida Mama ta ɗago kai.

"Me kika sayo kike riƙe da shi kamar jariri?"

Na rasa ƙaryar da zan yi, na gaya mata. Ta ture farantin shinkafar, ta miƙo hannu.

Ta daɗe tana juya shi. Tana bin haƙoran da yatsa, ina ganin harshenta yana bin nata a cikin baki.

"Yaushe suka cire mini wannan ban sani ba?"

"Ba su cire komai ba, Mama. Daga hoton nan aka yi shi."

Ta sa babban yatsanta a ramin. Ya shige har gaɓa.

"Wannan ramin a bakina yake? Yanzu haka?"

"E, Mama."

"La'ilaha illallahu. To da me nake tauna?"

Kaji suka zo suna tsattsagar shinkafar, ba wanda ya kore su. Can ta mayar da shi cikin audugar a hankali, ta rufe kwalin da kanta.

"Kira yayanki. Ku ce wa likita ya sa rana."

Aikin ya ɗauki yini guda, muna zaune a baranda muna jan carbi. Ta yi makonni ana ba ta kunu ta roba a hanci, ta rame ƙwarai. Maganarta ta ɗan canza, leɓenta na ƙasa har yau ba ya jin zafi ko sanyi, shi ya sa sai an fifita mata shayi. Ranar da likita ya ce ta fara cin abu mai laushi, gwaten acca ta nema. Na dafa na kawo, ta kai cokali ɗaya baki, ta tauna a hankali ta gefen dama, sannan ta ce na cika yakuwa.