Ƙafar-Auduga da Tiyon Hita

Mijin ƙanwata direba ne. Shekara talatin da huɗu ya yi yana jan motar wani kamfanin katifa, ko kaza bai taɓa takawa ba. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Ƙafar-Auduga, don in ya ɗora ƙafa a kan totur sai ka rantse ƙwai ne a ƙarƙashinta. Ni ma haka nake kiransa. Shi kuwa Yaya yake ce mini, ko da yake wata bakwai kacal na ba shi.

Da ya ajiye aiki ya sayi wata tsohuwar mota mai ruwan toka, wadda ta ga jiya ta ga yau. Ƙanwata ta zagaya ta sau ɗaya ta ce, “Malam, ai wannan sa'ata ce. Mu zuba mu gani, ni da ita wa zai riga wani kwanciya.”

Ƙanwata ce ta riga. Bara ƙodarta ta gaza, likita ya ce sai wankin ƙoda sau biyu a mako, Litinin da Alhamis. Ni nake raka su, don sai mutum biyu ke iya sa ta a mota. Awa huɗu take yi a jikin na'ura, a ɗaki mai sanyi, in ta fito ko rana na ƙuna haƙoranta na haɗuwa, ƙafafunta kamar ƙanƙara. Shi ya sa kafin mu fito da ita yakan tada mota, ya murɗa hita mai ɗumama cikin mota, ya karkatar da iskar zuwa ƙasa. Ta zauna a gaba, ta zare takalmi, ta miƙa ƙafa. Kafin mu fita daga layin asibiti rawar jikin ta tsaya, barci ya ɗauke ta. A duk mako, wannan rabin awar ce kaɗai nake ganin fuskarta a sake.

Wata Alhamis muna hanyar dawowa allurar zafin inji ta haura, tururi ya taso ta gefen bonet. Washegari muka lallaɓa da motar zuwa gareji. Bakaniken mutum ne mai baki, ba ya taɓa ƙarfe bai yi masa magana ba. Ya leƙa bayan inji, ya matsa wani tiyo da yatsa biyu, ruwa ya feso.

“Baba, tiyon hita ne. Su biyu ne, ta nan suke ratsawa su shiga cikin mota. Duk sun ruɓe. Abin da muke yi wa kowa, mu yanke su, mu lanƙwasa guda ya koma inji, ruwa ya yi zagayensa a waje. Minti goma.”

“A sa sababbi,” in ji Ƙafar-Auduga.

“Haba Baba! A zafin nan wa ke kunna hita? Ko burodi kake gasawa a ciki ba mu sani ba? In haka ne a riƙa tunawa da mu.”

Shi ba mai bayani ba ne. Ni na ja bakaniken gefe na gaya masa halin da ƙanwata ke ciki. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya kwance tsofaffin ya miƙo mana.

“Ku nemo irinsu. Amma Baba, ka ji gaskiya: tsohuwar mota tsohon zane ce. Ka ɗinke nan da sabon zare, can ya yage. Ruwan nan da ƙarfi yake tafiya, in ya rasa hanya a nan zai nemi wata.”

Kwana biyu muna bin shagunan kayan mota da ruɓaɓɓen tiyo a leda. Ɗaya yana da lanƙwasa kamar gwiwar hannu, duk wanda muka nuna wa sai ya yi dariya ya ce tun yana yaro rabonsa da ganin irinsa. Da kyar muka samu ɗaya, ɗayan kuma aka yanko daga na wata mota. Bakanike ya ɗaura su da sababbin kilif, ya cika lagireto, ya yi ta matsa babban tiyo har kumfar iska ta daina fitowa. Ran Litinin ƙanwata ta sami ɗuminta.

Kwana tara aka yi, tiyon ƙasan lagireto ya tsage. Aka canza. Mako bai zagayo ba famfon ruwa ya fara hawaye. Aka canza shi. Sai murfin lagireto, sai bakin lagireton kansa, aka kai wa mai walda. Ƙafar-Auduga ya ajiye jarka biyu na ruwa a but ɗin motar. Kullum da yamma yakan shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota, da safe ya jawo shi ya tsuguna yana dubawa kamar mai karanta wasiƙa. In ya ga ɗigo, ya auna da ido inda ya faɗo, ya kwanta ya leƙa. Mutum mai shekara saba'in. Ni dai ina tsaye da tocila, ban san komai a cikin inji ba, in ya ce haska nan in haska.

Ranar da kwalin ya kwana a bushe har murmushi ya yi. Ashe ruwan ya sami hanyar da kwali ba ya gani.

Muna dawowa daga asibiti gilashi ya yi hazo ta ciki, wani wari ya cika motar. Ƙanwata ta farka ta ce, “Malam, kamar wani abu na ɗiga mini.” Ya tsaya a gefen titi. Ruwan zafi ne ke ɗigowa daga ƙarƙashin dashbod, daidai inda take miƙa ƙafa. Har ya tasar mata da ƙuna a bayan ƙafar hagu, ita ba ta ji zafin ba, don ciwon ya rage mata ji. Ma'aikaciyar jinya kuwa ta sha gaya mana rauni a ƙafarta ba ya warkewa da wuri.

Bakanike ya wuni yana kwance dashbod, ya zaro wani ɗan ƙaramin lagireto, tsawonsa bai fi tafin hannu biyu ba. Shi ne ke ba da ɗumin. Ya toshe baki ɗaya, ya tsoma shi a bokiti, ya hura ta ɗayan. Kumfa ta taso ta ko'ina.

“Rariya ce, Baba. In an taɓa nan da wuta, gefensa ya narke. Na buga waya wuri biyar, babu. Ko an samu, sa'an wannan ne.”

Ƙafar-Auduga ya juyo ya dube ni. “Yaya, me ka gani?”

Me zan gani? Na dubi bokitin, na dubi ƙasa.

Ya juya wajen bakanike ya ce, “Yanke.”

Bakanike bai yi wasa ba ranar. Ya sa wuƙa a kan tiyon da muka sha rana muna nema, ya lanƙwasa guda ya mayar wa inji. Minti goma, kamar yadda ya faɗa tun farko. Ƙafar-Auduga ya tsince guntayen ya zuba a leda.

Yanzu tawul yake zuwa da shi. In an kusa sallamar ta, ya tada mota, ya buɗe bonet, ya ninke tawul ya ɗora a kan inji har ya ɗauki zafi, ya gwada a kumatunsa, sannan mu naɗe mata ƙafa, muna kauce wa wajen bandeji. Ɗumin ba ya kai mu shataletale na biyu. Ranar farko ya tsaya zai sake ɗumamawa, ta riƙe masa hannun riga.

“Malam, mu je gida. Ai ita ma motar ta yi iya yinta.”

Ba ta barci a hanya yanzu. Daga kujerar baya ina ganin kafaɗunta na rawa, ina kuma ganin hannunsa yana barin sitiyari ya nufi maɓallin hita, ya taɓa shi, ya dawo. Tafiyar da bai taɓa yi ba a rayuwarsa ita yake yi yanzu: yana taka totur.