Alamar da abokina ya bari a jikin noti

Shekarun baya, tun yankinmu na ƙarƙashin jihar Sakkwato, ni da abokina muna da wata tsohuwar akori-kura da muke jigilar busasshen kifi da ita daga Wara zuwa Yelwa. Ni ne direba, gyara kuwa nasa ne. Da na ɗauki sifana sai ya ƙwace ya ce, "Aje, ɗan'uwa. Hannunka bai san ya isa ba, kana matse noti kamar ya zage ka."

Wata damina kwalekwalen da ya shiga ya kife a tafkin Kainji. Mota ta zama tawa ni kaɗai. Ko kujerarsa ban yarda kowa ya zauna ba.

Ran nan ina tsakiyar daji sai na ji ƙara a baya. Na leƙa, ashe ƙarfen nan mai kamar gwafa da ke haɗa farfela da aksul ɗin ƙafafun baya ne ya tsage. Akwai wani a akwatin kayan aikinsa, amma matsalar babban notin da ke riƙe da shi ce. In ka matse ya wuce kima boris ya ƙone, in ka sassauta haƙoran ciki su cinye juna. Shi kaɗai ya san iyakarsa. In na kashe aksul ɗin nan, abin da ya rage mana tare ya tafi ke nan.

Na kwanta a ƙarƙashi, na sauke farfela, na goge giris. Sai ga ɗigo biyu da aka buga da ƙusa, ɗaya a noti, ɗaya a bakin sandar da notin ke ɗaure a kanta, suna daidai da juna. Aikinsa ne, alamar inda notin zai tsaya. Na daɗe ina kallonsu, kewarsa ta cika ni.

Wani dattijon makiyayi ya tsaya a kaina. "Kai ɗai kake? Ina ɗan'uwan tahiyarka?"

"Ya rasu, Baba."

"Allah shi jiƙan shi." Ya durƙusa ya danne mini ƙarfen har na canza, sannan ya bi shanunsa.

Na mayar da notin ina matsewa. Da ɗigon ya zo daidai da ɗan'uwansa, hannuna na ta son ya ƙara, amma na cire sifana.

Motar ta kai ni Yelwa lafiya, ta kuma yi shekaru tana aiki. Har yau abin na yi mini ciwo. Sau ɗaya tak na tsaya inda ya ce in tsaya, kuma ba ya nan balle ya tsokane ni.