Ƙwayar Sefa ta Malam Maharazu

Shekara talatin da huɗu Malam Maharazu ya yi a rumfar 'yan canji ta Illela, jakar fata a cinya, naira a aljihun dama, sefa a na hagu. Mutum ne siriri, mai ɗan gemu da baki ba birki. Bai taɓa shiga aji ba, amma kafin ka gama danna kalkuleta ya gaya maka amsar, ya kuma gaya maka wautar da ka yi ta sayen kalkuletar. A zamaninsa naira ke da baki. Mutumin Konni, can tsallaken iyaka, zai zo da sefa cike da hannu, Maharazu ya zare masa 'yan takardu biyu ko uku yana kallon wani wajen. Ya riƙe naira tsakani da Allah, ya ƙi sakinta ko da kowa ke gudunta, ita kuwa ta saka masa da narkar da jarinsa yana ji yana gani. Dole ya rataye jaka. Duk da haka kullum da hantsi sai ya zo rumfar ya ɗosana a bakin benci, ya tambayi nawa sefa ta kwana, kamar mai bin labarin matar da ya raina ta auri mai kuɗi.

A shekarar da ya bar rumfa likita ya gano masa hawan jini. Aka rubuta masa ƙwaya guda kowace safiya har ƙarshen rayuwa, aka kuma gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa in ya yi wasa, ɓarin jikinsa zai shanye. Wannan ya shige shi. Mutuwa ba ta dame shi ba, ya sha faɗa. Abin da yake tsoro shi ne irin kwanciyar yayansa, wanda ya yi shekara shida ana juya shi a kan tabarma, ana ɗaukarsa zuwa bayan gida. Maharazu ya rantse ba za a ɗauke shi ba.

Da farko kwalin maganin naira dubu ɗaya da ɗari biyar ne a kemis. Bayan 'yan watanni ya koma dubu huɗu. Sai dubu tara. Ƙwayar ba ta ƙara girma ba, kwalin ma sai da aka rage masa kauri.

'Yarsa Shafa'atu malamar firamare ce, ana yankar albashinta duk wata don inshorar lafiya. Ta je ta sa sunan ubanta, aka ce katinta na ɗaukar mijinta da 'ya'ya huɗu, ban da iyaye. Wato mijin da ya same ta a shirye yana da haƙƙi, tsohon da ya biya mata kuɗin makaranta kuwa baƙo ne. Ta haɗiye fushinta, ta matse cefane, ta yanka masa nasa katin daban na shekara guda. Kati mai kyau, da hotonsa sanye da hular sallah. Maharazu ya yi kwana uku yana nuna shi a rumfa.

Ranar da ya kai shi asibitin da aka rubuta masa, ya yi layi tun daga hantsi har azahar kafin ya isa tagar magani. Mai ba da maganin, wani mai tumbi da ake kira Mukhtari, ya dubi takardar likita, ya dubi katin, ya turo masa farasitamol goma a ƙullin leda.

"Ɗana, wanga ba shi na likita yar rubuta ba."

"Baba, naka maganin ba shi cikin jerin da anka ba mu. Sai ka saye waje."

"To katin ga mi yaɗ ɗauka?"

"Ya ɗauki ganin likita."

"Na gane shi. Shi yat turo ni gare ka."

"To ka ga katin ya yi aiki ke nan," in ji Mukhtari, ya leƙa bayansa ya kira na gaba.

Wani tsoho da sai ya koma gida ya kwanta da baƙin ciki. Maharazu ya hau kabu-kabu ya tsallaka Konni. A wani farmasi ya nuna tsohon kwalinsa, aka ɗauko masa irinsa sak, rubutun Faransanci kawai ya bambanta su. Da ya juya farashin a kansa zuwa naira, sai ya ga kusan duk ɗaya ne da na gida. Ya tsaya riƙe da kwalin, ransa a ɓace. A nan ne ɗan canjin da ke cikinsa ya farka.

Ga lissafin, kuma ku saurara da kyau, don an talauta ƙasashe da lissafin da bai kai wannan tsari ba. Sefa guda a lokacin ta kai naira biyu da rabi. Abin da aka saya da sefa, abin sefa ne. Ashe ke nan ƙwayar Konni guda tana a madadin ƙwayar Illela biyu da rabi. Wanda ya haɗiye ta yau ya biya bukatar gobe da rabin jibi. Kwalin wata ɗaya zai kai shi kwana saba'in da biyar. Ya dawo gida da fara'ar da matarsa Baraka ta daɗe ba ta gani ba, har da tsarabar burodi.

Daga nan shan maganinsa ya koma bin kasuwa. In sefa ta sauka, ya sha bayan kwana biyu. In ta hau, ya ƙara mata kwana. Kuɗin da Shafa'atu ke ba shi na magani duk wata, ya ajiye na kwali, sauran ya auno gero. Kada a ɗauka Maharazu wawa ne. Can ƙasan zuciyarsa ya san abin da yake yi. Rabin tsofaffin unguwarsu tsallake kwana suke, wasu su raba ƙwaya da reza, wasu su koma jiƙon soɓo su ce ya fi. Su dai sunan abin a wurinsu rashi. Shi ne bai iya furta wannan kalma ba, sai ya ɗinka mata riga ya kira ta canji.

Shafa'atu ta gano ne wata Juma'a da ta zo gaishe su. Ta ɗaga matashinsa za ta gyara shimfiɗa, ta ga kwalin da aka saya tun kafin azumi, ga shi an yi sallah da mako uku, bai ƙare ba. Ya zaunar da ita ya yi mata bayani dalla-dalla, har yana zane a ƙasa da tsinke.

"Baba, don Allah! Jini bai san sefa ba."

"Shi bai san ta ba. Albashinki hwa, ya san ta?"

Ya jefar da tsinken, ya ci gaba.

"Hwaɗa mani wanda zan bari, Shafa'atu. Ƙwaya ko tuwo? Uwakki ƙwaya za ta tuƙa muna?"

Ta yi kuka, ta sa ya yi mata alkawarin sha kullum. Ya yi alkawarin, ya cika shi kwana biyar. A na shida sefa ta yi wani tsalle, sai ya ga zunubi ne a ɓarnatar da kaya mai daraja haka.

Ranar Lahadi ta kasuwa, da hantsi, ya iso rumfa yana dafe da ƙeya. Ya yi sallama, ya buɗe baki zai tambayi farashi, sai maganar ta fito a tauye. Ya zame daga benci. 'Yan canji huɗu suka kinkime shi, suka tare mota.

A asibiti kuwa katin ya tashi tsaye. Ban taɓa ganin kati mai himma irin ta ranar ba. Wani jami'i ya zo har bakin gado da murmushi ya shaida wa Shafa'atu cewa gado kyauta ne, ƙarin ruwa kyauta, allurai kyauta, su gode wa Allah da suka yi dabarar yankar inshora. Abin da aka kashe a kansa cikin kwana goma ya isa ya saya masa ƙwayarsa ta shekara biyu. Abin nan yana ƙona mini rai. An tsara shiri mai jiran tsoho ya faɗi tukuna, sannan a shimfiɗa masa katifa.

Ranar sallama likita ya rubuta magani huɗu maimakon ɗaya. Shafa'atu ta kai takardar taga. Mukhtari ya bi ta da biro daga sama har ƙasa, ya girgiza kai sau huɗu, ya ce Allah shi ba Baba lafiya.

Ita da Baraka suka ɗauke shi daga mota zuwa ɗaki, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙafafu. Hannunsa na dama na lilo, bakinsa ya karkace. Washegari da safe Shafa'atu ta shigo da ledar kemis da kofin ruwa. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin kalma guda ta fito.

"Na... wa?"

"Kati ya biya, Baba."

Mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana karanta fuskar masu yi masa ƙarya kan kuɗi bai dubi idonta ba. Kunnenta ya duba. 'Yan kunnen zinaren aurenta ba su nan, sai hujin kawai.

Ta ɗora masa ƙwaya ta farko a tafin hagu. Bai kai ta baki ba. Ya matse ta tsakanin babban yatsa da manuniya, ya danna, ya sake dannawa, yana neman ya raba ta biyu. Ƙwayar ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin gado. Shafa'atu ta durƙusa tana lalube.