Ɗaga Gira, Inna

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kai Yaya Habibu makwancinsa a Karaye, amma har yau in na ga mutum yana jan ƙafa a kasuwar Rogo, sai in ji kamar yana gefena yana raɗa mini, "Ƙafar ba ta da laifi, ɓarnar tana sama."

Likitan jijiya ne a Kano. In ya zo gida hutu ba ya barin kowa ya sarara. Ya goga makullin mota a tafin ƙafar wannan, ya sa wancan ya rufe ido ya taɓa hanci. Inna takan ce ita dai bokan Turai ta haifa. Ni ƙanwarsa ya fi matsa wa da karatu. Ya ce in bakin mutum ya karkace, a sa shi ya ɗaga gira. In goshin ɓarin ya ƙi motsi, galibi jijiyar fuska ce. In kuwa goshi ya tattare duka biyun, to abin yana cikin ƙwaƙwalwa, a ɗaya ɓarin, kuma ba a jira.

Na sha tunanin me zai ce da na'urorin yau masu leƙa cikin kai. Ina jin dariya zai yi, ya fara nunawa da yatsa kafin hoton ya fito.

Bara da kaka, ana cikin cirar gyaɗa, Inna ta tashi bakinta ya zame hagu. Maƙwabta suka cika ɗakin, aka ce shafar iska ce, har an kawo garwashin turare. Na durƙusa gabanta.

"Inna, ɗaga gira."

Goshinta ya tattare gaba ɗaya. Ban saurari kowa ba, na sa aka nemo mota. A asibiti hoton ya nuna ɓarin dama, daidai inda yatsan Yaya zai sauka.

Inna tana nan, tana takawa da sanda. Motar Yaya an sayar, littattafansa gara ta ci rabi, kewarsa kuwa ba ta ragu ba. Rannan ina shafa mata mai a hannu, na ce ashe dai ta ji maganata a ranar. Ta dubi ƙofa.

"Ke kika yi magana? Ni muryar Habibu na ji."

Allah Ya kai haske kabarinka, Yaya.