Kwanon Baba da ƴaƴansa biyu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Idi na Bande, kuma bana ce shekarar da na fi jin rashinsa. Dalili kuwa, ƴaƴansa maza biyu, Yaya Sani da ƙanena Habu, sun daina cin abinci a kwano ɗaya.

Baba mutum ne mai ra'ayi, kai, har ya yi yawa. Shinkafa a wurinsa ba abinci ba ce, tuwon hatsi da miyar kuka mai daddawa shi ne ci. Ƴan siyasa kuwa, in sun zo kamfen ya saurare su tsaf, in sun tafi ya kwaikwayi tafiyarsu har mu faɗi don dariya. Sallarsa da sakin hannu yake yi, amma duk wanda ya shige gaba zai bi shi.

A ƙofar gidanmu ake ciyayya, kowane magidanci na layin ya fito da tuwon gidansa a ci tare. Baba yana da wata ɗabi'a: kafin a zauna sai ya cuɗanya kwanonin, ya sassauya murafe, don kada a gane na wa ya yi nama, na wa ya zo gaya. Gardamar parti da ta addini duk ana yi, har jijiyar wuya ta tashi, amma hannu yana cikin miya.

Yau fa? Ciyayyar ta watse, kowa ya shige ɗaki da wayarsa. Habu ya je karatu ƙetaren iyaka ya dawo yana kama hannu a salla, wannan ba komai. Abin da ya girgiza mu shi ne ranar layya, da ya ce ba zai ci yankan Yaya Sani ba, wai aƙidarsa da gyara. Yaya ya rantse in Habu ya sake faɗa, ɗayansu zai bar gidan. Ni da ke koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Magaria, duk kiran da ya shigo daga gida sai in ɗauka rikicinsu ne ya tashi. Ina ta tambayar kaina, da Baba na nan me zai ce? Wallahi na fi zaton ba zai yi wa'azi ba, tsawa ɗaya zai daka, a zauna.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka yi masa sadaka. Inna ta ce kwano ɗaya za ta fitar, wanda ya ƙi ci, ita za ta koma wurin danginta a Guci. Har kayanta ta ƙulle. Ina leƙe ta bakin zaure Habu ya wanke hannu, ya tsaya, ya ce, "Wa ya yanka kazar?"

Inna ta amsa daga bayan katanga, "Wanda na haifa kafin in haife ka."

Sai Yaya Sani, ko kallon Habu bai yi ba, ya sa yatsa ya janye naman duka zuwa gabansa. Habu ya durƙusa ya yanki tuwo daga ɗaya gefen.

Ba sulhu ba ne, suna gama ci kowa ya kama gabansa. Taurin kan Baba dukansu sun gada, haƙurinsa da mai saɓa masa kuwa kaɗan ya rage, iyakar abin da ya zaunar da su ranar. Allah Ya jiƙanka Baba. Inna dai ta kwance ƙullin kayanta, amma ba ta mayar da su cikin akwati ba.