Uban Mai Waƙa

Renon ’ya a ƙasar da ba taka ba wahala ce, ban ga abin ɓoyewa ba. Shekara ashirin da biyu ina tuƙa alhazai ziyara daga tsakiyar Madina zuwa Masallacin Ƙiblatain, bayana ya gama lalacewa, amma abin da ya hana ni sukuni makon jiya magana ce ta ’yata Ruƙayya.

Duk daren Juma’a bayan Isha nakan tara iyalina mu rera begen Annabi na Hausa, wanda na haddace tun a gida. Ran nan muna tsaka, Ruƙayya ta ce, rabi Larabci rabi Hausa, “Abuya, wallahi ba na gane rabin abin nan. Jansa kawai muke yi.” Na daka mata tsawa, na ce ta tashi ta ba ni wuri. Ta tashi. Kwana shida gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Uwarta ta ce mini, “Malam, in Juma’ar nan ta wuce ba ta zauna ba, ta bar zaman ke nan.”

Ranar Laraba da yamma ina jiran alhazai su fito daga masallaci, sai Inna Dije ta faɗo mini a rai.

Kakata ce ta wajen uba. A ƙauyenmu na ƙasar Katsina, in an gama tuwo, takan tura gyaɗa cikin tokar murhu, mu kewaye ta. Da ƙuruciyarta ta yi wanki a asibitin mishan, a can wata Baturiya ta ba ta wani labari, ita kuma ta riƙe shi. Takan fara da cewa, “Wannan ba dabba a ciki, mutum ne mai taurin kai irin naku.”

Wai a Ingila sarki ya ce kowa ya yi ibada iri ɗaya, yadda fada ta tsara. Wasu Nasara suka ƙi, suka riƙa taruwa a ɗakinsu daban. Aka kama ɗaya daga cikinsu aka kulle. Matarsa takan zauna kan dutse a ƙofar kurkuku tana shayar da jaririnsu, don uban ya ji kukan ɗansa. Bayan an saki uban, yaron ya girma, ga ƙaramin jiki, ga yawan ciwo. A labarin Inna, har jaki takan ba yaron, da hura a ƙwarya.

“Inna, akwai gero a Ingila?” in ji yayana.

“Ka je ka duba, mai bakin tsiya. Miƙo min itacen can.”

Wata rana suna dawowa daga ibada, saurayin ya ce wa ubansa waƙoƙin da suke rerawa ba daɗi, ja kawai ake yi, ba mai sanin abin da yake faɗa. A nan Inna takan tsaya ta juya gyaɗa, ta bar mu muna jira. “Mutumin da ya sha ɗauri saboda ibadar nan fa. Kuna zaton mari ne? Cewa ya yi, to, kawo wadda ta fi.”

Kafin mako ya zagayo saurayin ya kawo tasa waƙar. Aka rera, mutane suka ce a ƙara. Ya zama mai wa’azi a cikinsu, an kira shi ɓangaren sarki ya ƙi zuwa. Bai yi aure ba, ciwo bai bar shi ba, yana kwance yana tsara waƙa da kalmomin da mai wanki ma za ta gane.

Baffana ya taɓa leƙowa ya ce, “Inna, labarin Nasara kike ba yara?”

Ta ce, “Addininsa na ce su ɗauka? Wuce ka kwanta.”

Ina yaro, saurayin nake so in zama. Sai a motar nan, da furfura a gemuna, na gane Inna ba a kan ɗan take tsayawa ta juya gyaɗa ba. Uban ne ya yi aikin mai wuya. Abin da ya sha wahala a kansa aka kushe a gabansa, ya haɗiye. Ni ko kurkukun ban shiga ba. Kuma Ruƙayya ba Annabi ta ƙi ba, so take ta san abin da bakinta ke faɗa masa a garinsa. Laifina ne, na sani.

Washegari bayan Asuba na tsaya a kantin unguwa na sayi littafin rubutu da biro. Na ƙwanƙwasa mata ƙofa, na miƙa.

“Na mene ne, Abuya?”

“Kin ce namu ja kawai muke yi. Kawo wanda ya fi, yau da dare.”

“Da Larabci ko da Hausa?”

“Wanda ya zo bakinki. Inda Hausa ta ƙare miki, ki tambaye ni.”

Ta juya littafin a hannu. “In bai yi daɗi ba fa?”

“Sai in faɗa miki, yadda kika faɗa mini.”

Na ɗauki makullin mota na fita, alhazai na jira a ƙofar otal.