Iccen hano da Baba Jabbi ya hana ni taɓawa

Ina tsugune bakin rudu, rumbun ajiyar albasarmu, da safen nan ina tsince ruɓaɓɓiyar albasa, waya ta yi ƙara. Baba Jabbi mai magani na Kuberi ya rasu bayan sallar asuba.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Na zauna dirshan cikin ɓawon albasa. Kuma in gaya muku gaskiya, bayan salati, abin da ya fara zo mini a rai haushi ne. Tsohon nan ya ce zai dawo in mun gama cirar albasa. Mun gama shekaranjiya. Bazara ta shigo, ɗiyata Dije ta fara susa, ƙullin maganinta na ƙarshe ya ƙare tun makon jiya, shi kuma ya kama hanyarsa bai ce mini kanzil ba.

Ku yi mini uzuri. Shekara biyar ina cikin horon mutumin nan, ban iya kukansa ba sai da mita.

Ga waɗanda ba su san labarin ba. Dije shekararta sha biyu. Tun tana ƙarama, da zafi ya kama sai ƙuraje su feso mata a wuya da bayan gwiwa, ta yi ta susa har jini. Ranar da na fara kai ta rumfarsa a kasuwar Jega, ko ganye ɗaya bai ba mu ba. Cewa ya yi mu fara zuwa asibiti likita ya duba, in ba ciwon cikin jini ba ne mu dawo. Munka je, anka duba, anka ba mu man shafawa. Man yana aiki, sai dai kwana biyu ƙaiƙayi ya dawo. Sai Baba ya haɗa mata da sassaƙen hano, a dafa ta yi wanka da ruwan. Da wannan da wancan yarinya ta samu sauƙi.

Da ya ga ina ta zarya daga Danwarai, ya ji tausayina. Ya hau bayan mashin ɗina munka shiga dajin Kuberi, ya nuna mini iccen da kansa. Wani ƙaton hano, mahaifinsa ya nuna masa shi tun yana yaro yana bin shanu. Sauran na kusa duk an sare an yi gona. Ya ciro ɗan gizagonsa ya ɗebi ɓawo faɗin yatsa uku, tsawon tafin hannu, gefe ɗaya kawai. Ya kwaɓa laka ya shafe wurin kamar mai ɗaure ciwo. Ya ce baɗi a ɗiba ta wani gefen, a bar wannan ya warke.

Na ce to. Har da gyaɗa kai irin na wanda ya kai fom tu a sakandare.

To amma ni manomin albasa ne. Mu in abu ya nuna, cire shi muke yi gaba ɗaya mu kai rudu. Bayan wata biyu na koma ni kaɗai da adda da buhu. Na ce wa kaina, mi zai sa in riƙa ƙona mai kowace shekara saboda yatsa uku? Na zagaye iccen nan kaf, na feɗe shi tun daga gwiwa har iya inda hannuna ya kai. Buhu ya cika taf. Har hoto na ɗauka.

Kuma saboda tsabar basira, na raba biyu na kai wa Baba rabi, wai tsaraba.

Ya leƙa buhu, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ɗago.

"Mai albasa, iccen ubana kat tuɓe?"

Na shiga bayani, wai na tara mana na shekara goma. Ya ce sassaƙen da ya shekara ajiye ya zama makamashi, kuma icce ta ɓawonsa yake ci, wanda ya zagaye shi ya yanke masa maƙogwaro. Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni ma da na fi jin daɗi.

Kafin damina biyu iccen ya bushe.

Ranar da na kai buhun nan ya sa na mayar da shi dajin, ya yanko rassa uku, ya kafa su a bakin gonata. Ya ce in raine su, kuma in na kuskura na sa ƙarfe a jikinsu kafin ya ba da izini, kada in sake zuwa rumfarsa. Wani icce kuwa, ya ce ba zai ƙara nuna mini ba ko na tsintsiya ne.

Na farko na kashe shi da ƙauna. Na juya masa ruwan inji safe da yamma kamar fangalin albasa, ya ruɓe. Baba ya ce in na ga dama in sa masa taki da maganin feshi, in kai shi kasuwar Aliero. Na biyu awaki sunka gama da shi ranar da na manta ban mayar da ƙaya ba. Na uku ya rayu, ina jin don tsoron Baba ne, ba don ƙoƙarina ba.

Tun daga lokacin, maganin Dije sai a dake, a ƙulle, kuma a hannunta. In na miƙa nawa hannun sai ya kewaye shi, a tsakiyar kasuwa, mutane suna kallo. Ni da gemuna.

Amma abu biyu ba zan ɓoye ba. Bai taɓa gaya wa kowa ni na kashe iccen ba. In anka tambaye shi sai ya ce kwanansa ne ya ƙare. Kuma ƙullin Dije bai taɓa fashi ba ko shekara ɗaya, da 'yan dabino biyu a gefe. Sai yau na ji ashe har gaba da Liba yake takawa neman sassaƙen, da wannan gwiwar tasa mai ciwo, duk saboda aikin addata.

Ganinmu na ƙarshe mako biyu ke nan. Wani ya sauke shi a Danwarai, ko ruwa bai sha ba ya ce a kai shi gona. Ya dafa iccen da hannu biyu, ya ciro wani zare daga aljihu ya zagaya shi, ya mayar aljihu. Ya kira Dije, ya kama yatsunta uku ya ɗora a jikin ɓawon, ya ja su ƙasa a hankali, ya sake, har sau uku. Ni ina tsaye kamar baƙo a gonata.

Na tambaye shi ko iccen ya kai a ɗiba.

"Da saura. Ka jira ni, in kun cire albasa ina tahe."

Na ce Baba zafi ya matso, maganin ya kusa ƙarewa, shekara biyar ai ko ɗan fursuna an yi masa sassauci. Ya ce ɗan fursuna bai kashe iccen ubansa ba. Ya ba Dije dabino, ya hau mashin.

Zan faɗi abin da ban gaya wa ko uwar Dije ba. Cikin makon nan sau biyu ina zuwa gindin iccen da wuƙa. Yarinya tana susa har zanen gadonta ya ɓaci, ga magani tsaye a gonata. Na farko na tsaya na kalle shi na juyo. Na biyu har na ɗora bakin wuƙar. Sai na tuna yadda ya leƙa buhun nan, na mayar da ita kube, na koma gida ina ta faɗa da kaji.

Yau bayan mun dawo daga maƙabarta, matarsa Inna Hajo ta aiko a kira ni bakin zaure. Ko gaisuwa ba ta bari na gama ba.

"Ka taɓa iccen?"

"Wallahi Inna ban yanka ba."

"Ya ce sai ka rantse. To ka rantse."

Ta miƙo ƙullin tsumma. Gizagonsa ne da zaren nan, da ƙulli a bakinsa. Ta ce ya bar saƙo: ranar da zaren ya kasa zagaye iccen, a ɗiba. Gizago na Dije ne. Na ce ni fa? Ta ce ya ce in riƙa kwaɓa laka.

Da la'asar munka je gona ni da Dije. Na zagaya zare. Bai haɗu ba. Saura yatsa biyu cur. Icce ba ya ƙara yatsa biyu cikin mako biyu, ko ni da fom tu ɗina na san wannan. Wato ranar da ya auna ya san ya kai. Ni yake aunawa.

Baba Jabbi, ka kyauta. Da ka ce mini jarrabawa ce ai da na yi barci.

Dije ta ɗora yatsa uku, ta sassaƙa gefe ɗaya. Ni na durƙusa na kwaɓa laka na shafe wurin. Ta ce lakar ta yi ruwa, in sake. Na sake. Yanzu haka tukunya tana kan wuta.

Allah Ka jiƙan bawanKa Jabbi, Ka rufe masa asiri yadda ya rufe nawa, Ka sanyaya kabarinsa yadda ya sanyaya jikin ɗiyata da na 'ya'yan mutane. Allah Ka ba Inna Hajo da iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a in ya idar da sallah. In da saura ku ɗan haɗa da ni, Allah Ya riƙe mini hannu, don baɗi babu mai sa ni rantsuwa.